Buhu Mai Shuɗin Zare

Shekara ashirin da uku Andrawus ya yi yana yawon rugage tsakanin Goronyo da Wurno da Rabah, da akwatin allura ɗaure a bayan babur. In ka tambaye shi abin da ya tara a wannan aiki, ba gida zai nuna maka ba, ba kuma fili ba. Yarda ya tara. Mutumin Zuru ne, Kirista, malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, amma Fulani sun ɗaga masa girma suna kiransa Likita, shi kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen gyara musu ba. Wanda ya san Bafulatani da saniyarsa ya san ba ƙaramin abu ba ne a bar baƙo ya ratsa tsakiyar garke. Andrawus kuwa an bar shi, kuma ba inda aka fi sakin jiki da shi kamar rugar Sajo, wani dattijo da ke zaune a bayan Boyekai.

Wata safiya cikin bazara yana ofis yana wanke sirinji, sai ga wata yarinya ta yi sallama, da jaka a kafaɗa da takardu a hannu. Ta ce sunanta Rahinatu, 'yar Wurno ce, tana karatun digiri na biyu a hannun Farfesa Musaddiƙ.

Jin sunan ya sa Andrawus ya yi murmushi. Ya san Musaddiƙ tun bai zama Farfesa ba, tun yana Dakta siriri mai motar aro, wadda sai an tura take tashi. Shekara takwas ke nan da ya zo daga wata jami'a, ya ce ya haɗa wani abincin shanu da zai riƙe su a bazara, lokacin da ciyawa ke ƙarewa, kara ya zama itace. Makiyaya shida yake nema. Zai ba su abincin kyauta wata huɗu, bisa sharaɗi biyu: ba za su tashi da shanun zuwa kudu neman ɗanyar ciyawa ba, kuma ban da abin da suka tsinta a kiwo, ba za a ba su komai ba sai abin da ke cikin buhun. Ba harawa, ba dusa, ba 'ya'yan gawo. Ba Bafulatanin da zai saurari wannan magana daga bakin baƙo, don haka da bakin Andrawus aka yi ta. Shi ya zaɓo mutanen, shi ya riƙa raba buhunan, shi yake auna ƙirjin kowace saniya da tef duk mako yana rubutawa.

Daga wannan aiki Musaddiƙ ya rubuta takarda, takardar ta haifi takardu goma sha ɗaya. Aka yi ta ambatonsa a mujallu, aka gayyace shi ƙasashen waje, aka juya aikin zuwa Faransanci don mutanen Nijar. Ya zama Farfesa, ya ajiye tumbi, abincin ma ya ci sunansa, ana ce masa Haɗin Musaddiƙ. Ya yi wa Andrawus alkawarin zai aiko masa da takardar farko in ta fito. Har yau tana hanya.

"Baba, Farfesa yac ce in na iso Goronyo kai za ni nema," in ji Rahinatu. "Garke na ukku nika son ka kai ni, za mu sake gwajin."

"Wane garke na ukku, ɗiyata?"

"Wanda anka sa ma G3 cikin takarda. Na kwatanci."

Andrawus ya san G3. Da hannunsa ya riƙa rubuta lambar a jikin buhunan Sajo. Kalma ta ƙarshen ce bai gane ba, ya kuma faɗa mata haka.

Yarinyar ta buɗe takardar bisa tebur da zumuɗin ɗalibar da ta haddace darasi. "Ai kowane gwaji sai da na kwatanci, Baba. Garke ukku an ba su haɗin na gaske, harawa da angurya da gawo da gishiri. Su na masu buhu mai jan zare. Ukku kuma ƙaiƙayin shinkahwa na da kara niƙaƙƙe, anka yayyaha mai ruwan rake don kala ta zo ɗaya. Su na masu shuɗin zare. Da haka aka gane bambanci."

Andrawus ya ajiye sirinjin da ke hannunsa a hankali. Ya tuna zaren. Ya taɓa tambaya, Dakta ya ce masa masu ɗinki biyu ne, kowa da zarensa.

"Biyu daga masu shuɗin sun yi ha'inci," ta ci gaba, "sunka riƙa ba shanunsu harawa a ɓoye. An gane daga nauyi, anka hidda su daga lissahi. Na ukkun ɗai yat tsaya bisa ƙa'ida har ƙarshe. Farfesa kullum shina hwaɗa muna cikin aji, da babu G3 da babu takarda."

Ta ɗago ta ga fuskarsa ta canza. Ita dai ba ta da laifi. Lambobi aka koya mata, ba a koya mata cewa lambar tana da mata da 'ya'ya ba.

Ya jawo takardar ya karanta da kansa, yana bin layi da yatsa. Ga awonsa nan, mako bayan mako, ƙirjin shanun Sajo yana raguwa. Ga layin mace-mace: huɗu. Bai buƙaci a gaya masa ko waɗanne ba ne, domin yana wurin aka ja gawar ta huɗun.

Sunanta Wule, karsana mai farar fuska, kuma ba ta Sajo ba ce. Habbanaye ce, wato saniyar da Bafulatani kan danƙa wa amininsa ya riƙe, ta haifa masa 'yan maruƙa, sannan ya mayar da ita ga mai ita. Mode, wani abokin Sajo a ƙasar Rabah, shi ya ba shi ita. Irin wannan saniya ita ake fara shayarwa a rijiya, ita ake fara ba abinci, domin amana ce mai ƙafa huɗu. In ta mutu da ciwo ba a biya, Allah ne ya karɓi abinsa. In sakaci ya kashe ta kuwa, mutum ya zubar da sunansa ke nan.

A wata na uku na gwajin, Andrawus ya je awo ya tarar Mero, matar Sajo, ta ajiye wa Wule ƙwaryar 'ya'yan gawo a bayan bukka. Karsanar ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Andrawus ya sunkuya ya ɗauke ƙwaryar daga bakinta, ya kai gaban Sajo, ya ce, "Bappa, ina alkawarinmu?" Sajo bai san matar ta yi ba. Kunya ta rufe shi, ya karɓi ƙwaryar ya juye a rumbu, ya ɗaure bakin rumbun da igiya. Saura kwana goma sha biyu ruwan farko ya sauka Wule ta kwanta, ba ta sake tashi ba, ga rumbu cike da gawo taku ashirin daga inda take.

Sajo ya taka da ƙafa har Rabah, ya zauna gaban Mode, ya rantse masa cewa ba yunwa ce ta kashe ta ba, abincin likitoci take ci safe da yamma. Mode ya ce Allah ya mayar da alheri, magana ta mutu. Abin da ya fi ci wa Andrawus rai yanzu shi ne, Sajo bai taɓa zargin buhun ba. Cewa ya yi shekarar ce ta zo da ciwo, kuma ba don abincin ba da garken duk ya ƙare. Tun daga nan, duk damina sai Mero ta aiko wa Alice, matar Andrawus, da kwanon man shanu na godiya. Shekara takwas yana zuba man nan a tuwo yana santi.

Ya ce wa Rahinatu ta koma Wurno tukuna, zai neme ta. Ita ce ta gaya masa cewa ranar Asabar Farfesa zai zo Wurno taron makiyaya da manoma, za a nuna musu haɗin.

Ya je. An kafa rumfuna a wani fili, an jera kujerun roba, manya a gaba da manyan riguna, makiyaya a baya da sandunansu a kafaɗa. A bayan teburin manya an rataye wani ƙaton ƙyalle mai hoto biyu. A dama saniya ce mai sheƙi, an rubuta sunan haɗin a ƙasanta. A hagu wata ƙwarangwal ce mai farar fuska, an rubuta Kiwon Gargajiya. Andrawus ya daɗe yana kallon hoton hagun. A gefensa akwai hannun mutum riƙe da igiya, da agogo mai baƙar fata. Ya dubi tsintsiyar hannunsa, agogon na nan.

Kiwon gargajiya. Sajo, wanda ya san wace bishiyar gawo ce ke fara zubar da 'ya'ya daga Boyekai har bakin gulbi, wanda a gabansa Dakta ya zauna da littafi yana rubuta yadda ake haɗa gawo da harawa, shi aka rataye a matsayin jahilin da bai iya ciyar da saniya ba. Andrawus ya ji zuciyarsa na tafasa, ya kuma ji kunya, kunyar ta fi yawa.

Farfesa ya yi jawabi mai daɗi, gaskiya ya iya magana. Da aka tashi, Andrawus ya tare shi a bakin mota.

"A'a, Malam Andrawus! Kwana da yawa. Ka ga abin da muka shuka ya zama, ko?"

"Ranka ya daɗe, shuɗin zare. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Farfesa ya dube shi, murmushin ya ɗan ragu, amma bai ɓace ba. Ya ja shi gefe. "Haka aikin yake, Malam. In ka ce wa mutum buhunsa ƙaiƙayi ne, zai zauna wata huɗu? Kai ma da na gaya maka, da fuskarka ta tona mu tun makon farko. Na san halinka."

"Shanu huɗu suka mutu. Ɗaya amanar wani ce."

"Na sani, yana cikin takarda, ban ɓoye ba. Amma ka san shanu nawa wannan haɗin ya tsallakar da bazara daga nan har Nijar? Dubbai. Ka ɗora huɗu a kan sikeli, ka ɗora dubbai."

Abin haushin shi ne ba ƙarya yake yi ba. Andrawus da idonsa ya ga garkunan da haɗin ya ceta, shi da kansa yana koya wa mutane shi. Sai dai shanun da aka ɗora a sikelin ba na Farfesa ba ne, kuma ba a tambayi mai su ba.

"Da ka tsayar da gwajin da ka ga suna faɗuwa," in ji Andrawus. "Kowane mako ina aiko maka da awon."

"In na tsayar a wata na uku, ba mujallar da za ta karɓa. Kuma kada ka ce na manta da kai." Ya miƙa hannu cikin mota ya ɗauko kwafin takardar, ya buɗe shafin ƙarshe, ya nuna masa wani layi da ƙananan haruffa. Ana gode wa Malam Andrawus, wanda ya zaɓo makiyaya masu riƙon alkawari. "Ka gani? Riƙe wannan, taka ce. Yarinyar nan kuma ka taimaka ka kai ta wurin dattijon. Irinsa wuyar samu gare su, wallahi."

Motar ta tashi ba tare da an tura ta ba. Andrawus ya tsaya da takarda a hannu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, haka ake faɗa, amma shi bai san ma ko wane ne shi a cikin wasan ba, sandar da aka daki kurar da ita ce ta fi kama da shi.

Kwana uku yana juya maganar. Sajo ba ya karatu, bai je Wurno ba, ba kuma wanda zai kai masa labarin wata mujalla. In Andrawus ya ja bakinsa, zai ci gaba da shiga garken nan har ya yi ritaya, ana shimfiɗa masa tabarma ana dama masa fura. In ya faɗa, ya san abin da zai rasa, kuma ba shi da wani abu bayan shi. Alice ta ga ya daina cin abincin kirki, ta tambaye shi, ya gaya mata. Ba ta ba shi shawara ba. Tashi kawai ta yi ta ɗauke ragowar man shanun daga inda take ajiye kayan miya, ta kai shi can ƙarƙashin gado. A rana ta huɗu ya hau babur da sassafe, don ya riski Sajo kafin a saki shanu.

Ya tarar Mero na tatsa, Sajo na zaune bisa buzu yana gyaran igiya. Dattijon ya yi fara'a da ganinsa.

"Likita, maraba. An tashi lahiya? Mi yak kawo ka da sanyin sahiya haka, ba lokacin allura ba?"

"Lahiya lau, Bappa. Magana ta gare ni, kuma ba mai daɗi ba ta."

Ya zauna a ƙasa, bai jira tabarma ba. Ya faɗa masa komai, bai rage ba: jan zare da shuɗin zare, ƙaiƙayi da ruwan rake, mutum biyun nan, su Isah, da suka ba shanunsu harawa a ɓoye suka tsira da su, da hoton da aka rataye a Wurno. Yana cikin magana ƙarar nono a ƙwarya ta tsaya. Mero ba ta juyo ba, amma hannunta ya daina motsi.

Sajo ya ci gaba da murza igiyar har Andrawus ya gama. Sannan dattijon ya ɗago.

"Su Isah da sunka ba nasu harawa, ba wadda ta mutu?"

"Ba ko ɗaya."

"To." Ya dubi Andrawus. "Ranar da kaɗ ɗauke ƙwaryar ga daga bakin Wule, ka san abin da ke cikin buhu?"

"Ban sani ba, Bappa. Allah shi na shaida."

"Na yarda ba ka sani ba." Ya ajiye igiyar. "Amma ni ban san Dakta ba, Likita. Ban taɓa cin abinci da shi ba. Kai nis sani. Kai kac ce min abinci na, ni kuma ban buɗe baki nit tambaya ba, don kai kah hwaɗi. Na ga ƙaiƙayi cikin tahin hannuna, na san ƙaiƙayi tun ina yaro, nic ce ma raina Likita ya hi ni sani."

Andrawus ya so a ce dattijon ya zage shi, ko ya ɗaga sanda. Bai yi ko ɗaya ba. Muryarsa ma ba ta tashi ba.

Mero ta miƙe da ƙwaryar nono, ta wuce ta gabansu. Ba ta dubi Andrawus ba, mijinta ta duba. "Na hwaɗa maka yunwa ta," ta ce, ta shige bukka.

Sajo ya dafa sanda ya tashi, ya shiga cikin shanu. Andrawus ya ga yana ratsa su yana dafa bayansu, har ya tsaya gun wata karsana ja mai ƙiba, wadda duk garken ba kamarta. Ya zura mata igiyar da ya gama gyarawa, ya jawo ta waje.

"Ina za ka da ita, Bappa?"

"Rabah. Na rantse ma Mode ba yunwa tak kashe saniyatai ba. Shekara takwas shina riƙe da rantsuwar ƙarya daga bakina. Ga gawo cike da rumbu, ni da hannuna niɗ ɗaure shi. In wanga ba sakaci na ba, mi na sakaci?"

"Ba laihinka na ba. Ni za ni gun Mode, in hwaɗa mai yadda anka yi. Hau babur mu tai, a kawo karsanar daga baya."

"Mode bai ba ka saniya ba. Ni yab ba."

Ya rataya gorar ruwa, ya sa malafa. Tafiyar yini ce cur a zafin bazara, ga shi ya haura saba'in. Andrawus ya dubi karsanar, ya lura tana ɗan ɗingisa ƙafar baya ta hagu, wataƙila ƙaya ce ta shiga tsakanin kofato. Kafin ya yi tunani ya riga ya taka gaba ya sunkuya, yana miƙa hannu.

"Bari in duba mata ƙahwar kahin ku kama hanya."

Sajo ya matso ya tsaya tsakaninsa da ita. Bai ture shi ba, sandarsa kawai ya gitta a hankali, kamar yadda ake yi wa baƙon da ya matso garke da yawa.

"Bar ta, Malam," ya ce. "Kada ka taɓa ta."

Ya durƙusa da kansa, da ƙyar, ya ɗaga ƙafar ya cire ƙayar da farce. Sannan ya ja igiya suka kama hanyar Rabah, ya bar Andrawus a tsugune a bakin garke, da akwatin allura a bayan babur.